Tambaya: wace hanya ake bi a zama likitan tiyatar sankarar ƙirji, kuma shekara nawa take ci?

Ɗalibin Likita, Garwa

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayenmu da yayyenmu likitoci da ke wannan zaure, tare da neman afuwa idan tambayata ta yi tsawo. Ni ɗalibi ne a shekara ta shida ta karatun likita, kuma ina neman bayani daga waɗanda suka riga mu shiga aiki game da hanyar da mutum ke bi har ya zama likitan tiyatar ƙirji wanda ya ƙware a kan ciwon daji, wato sankarar huhu da ta bututun abinci da sauran ƙarin da ke fitowa a tsakiyar ƙirji.

Dalilin tambayar shi ne rasuwar kawuna bara. Direban babbar mota ne, ya yi kusan shekara talatin yana jigilar auduga da siminti tsakanin Garwa da Gaundare a arewacin Kamaru, kuma taba ba ta rabuwa da bakinsa. Da tari ya kama shi, ya fara ramewa, har wata rana ya ga jini a kakinsa, sai aka kai shi wani asibiti, aka gwada kakin sau biyu ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, amma saboda inuwar da hoton ƙirji ya nuna a saman huhun dama aka ɗora shi a kan maganin tibi. Ya sha maganin wata shida cur, bai tsallake ko kwana ɗaya ba, domin matarsa ce ke miƙa masa ƙwayoyin bayan sallar asuba, amma duk da haka kowane wata sai an ƙara huda masa rami a bel ɗinsa. Sai da muryarsa ta dishe sannan dangi suka haɗa kuɗi, ni na raka shi a jirgin ƙasa na dare daga Gaundare zuwa Yawunde. Can aka yi masa sikana, aka zura na'ura ta maƙogwaro aka yanko tsoka, muka jira sakamako har sati uku. Ranar da sakamakon ya fito, likitan ya ja ni gefe saboda ya san ni ɗalibi ne, ya nuna mini tabo a hanta da kuma a ƙashin baya, ya ce da bara aka zo da shi, da akwai maganar tiyata.

Wannan kalma ita ce ta hana ni sakat. Ina so in san shekara nawa ake yi bayan digirin likita, a ina ake koyon wannan fanni, mene ne ainihin ƙwarewar da ta raba wannan likita da sauran masu tiyata, kuma yaya mutum ke haɗa aikin hannu da bincike, tunda na lura manyan wannan fanni duk suna da rubuce-rubuce masu yawa. Idan kuma kun ga buri ne da ya fi ƙarfin ɗan arewa mai ƙaramin hali, ina roƙon ku faɗa mini gaskiya.

Tsohon Likitan Tiyata, Marwa

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya jiƙan kawunka, Ya sa can ta fi masa nan, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Bari in fara da lissafin shekaru, domin shi ne mai sauƙi. Karatun likita a Kamaru shekara bakwai ne, kana dab da gamawa. Bayan haka yawancin matasa sukan yi 'yan shekaru suna aiki a asibitin gunduma kafin su zauna jarrabawar shiga fagen ƙwarewa. Tiyata ta gaba ɗaya tana cin kusan shekara biyar, sannan wanda ke son ƙirji ya ƙara biyu ko uku a sashen da ke yin wannan aiki kullum. Akwai kuma hanyar kai tsaye, inda ake koyar da tiyatar ƙirji da zuciya da jijiyoyin jini a matsayin fanni ɗaya, kamar yadda ake yi a asibitin Fann na Dakar a ƙarƙashin Jami'ar Sheikh Anta Diop. Abijan ma tana da cibiyar zuciya da ke yin aikin ƙirji, mai jin Turancin Ingilishi kuwa yana iya duban cibiyar Korle Bu ta Akara ko Inugu a Najeriya, inda aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a ƙasar a 1974, ya bi ta jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. A Faransa, tun sauyin tsarin da aka yi a 2017, fannin shekara shida ne bayan an ci jarrabawar shiga. A Amurka shekara huɗu ce a makarantar likita bayan digirin farko, biyar a tiyata ta gaba ɗaya, biyu ko uku a ƙirji. Ko ta ina ka biyo, da wuya ka tsaya da ƙafarka a ɗakin tiyata kana cire ɓangaren huhu kai kaɗai kafin ka haura shekara talatin da biyar. Ka faɗa wa mahaifiyarka wannan tun yanzu, domin ita ce za ta riƙa amsa tambayar dangi a kan yaushe za ka gama karatu ka yi aure.

Shawarata ita ce ka bi ta tiyata ta gaba ɗaya tukuna, kuma ga dalilina. Ƙirjin da za ka tarar a wannan yanki namu ba shi ne na littattafan Turai ba. A shekarun da na yi ina aiki, abin da ya fi kawo ni ga buɗe ƙirji ko huda shi shi ne mugunya da ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari bayan ciwon namoniya da ba a yi masa magani da kyau ba, da huhun da tarin fuka ya cinye ya bar kogo, wani lokaci naman gwari ya zauna a cikin kogon ya dunƙule kamar curin fura, mutum ya yi ta aman jini. Sai haɗarin babur, da sara ko harbi, da kuma yaran da suka sha ruwan soda na haɗa sabulu da aka zuba a gorar ruwa aka ajiye a ƙarƙashin gado, bututun abincinsu ya ƙone ya tsuke har yawu ba ya wucewa. Ina tuna wani yaro ɗan shekara tara da aka kawo mini daga wajen Yagwa, kafaɗarsa ta hagu ta karkata, yana numfashi kamar wanda ya yi gudu. Da na zura roba tsakanin haƙarƙarinsa, mugunyar da ta fito ta cika kwalba ɗaya da rabi, amma huhun bai buɗe ba saboda wani ɓawo mai kauri da ya lulluɓe shi, dole bayan sati biyu na buɗe na ɓare shi da yatsa da almakashi, kamar mai ɓare lemo ba ya so ya fasa shi. Wanda ya saba da irin wannan mannewa, inda ba a gane iyakar nama da nama, idan ya zo ga huhun mai sankara wanda bai taɓa yin tibi ba, zai ga aikin ya zo masa da sauƙi. Akasin haka kuwa ba ya faruwa.

Abu na biyu, kada ka ɗauka hannunka kaɗai ya isa. Tiyatar huhu tana bukatar mai sa barci da ya iya zura bututu mai baki biyu, domin a sace iskar huhun da ake aiki a kansa yayin da ɗayan ke numfashi. Tana bukatar ɗakin kulawa ta musamman, da iskar oksijin da ba ta yankewa da tsakar dare, da jini a ajiye, da mai duba tsoka a madubi. Na san matasa da suka tafi waje suka ƙware, suka dawo da zumuɗi, suka yi shekara biyu suna yin ƙaba da cire jarirai saboda babu waɗannan abubuwa, daga ƙarshe suka koma inda suka fito. Ban ga laifinsu ba. Amma idan za ka tafi, ka tafi da sanin cewa dawowarka za ta ƙunshi yawon ofisoshi da rubuta takardun neman kayan aiki, wanda ba a koyar da shi a kowace jami'a.

Likitar Huhu, Njamena

Ƙanena, ina yi maka ta'aziyya. Ina kuma neman izinin Baba na Marwa in ƙara a kan abin da ya faɗa, da ɗan saɓani kaɗan, domin ni ce ke zaune a ɗaya gefen, wato wadda ke tura majinyaci wurin mai tiyata.

Ka tambayi abin da ya raba wannan likita da sauran masu wuƙa. A ganina ba saurin hannu ba ne, sanin wanda za a yanka ne da wanda za a ƙyale. Sankarar huhu iri biyu ce manya. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda take saurin yaɗuwa har da wuya a yi mata tiyata, sai kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, da gashi, wato ƙona su da haske. Sauran, wajen kashi 85 cikin ɗari, su ne ake iya cirewa idan an same su da wuri. Kafin a kai ga haka sai an amsa tambaya uku, bisa tsarin da wani likitan tiyata Bafaranshe, Pierre Denoix, ya fara tsarawa a shekarun 1940, wanda ake kira TNM: girman ƙarin da abin da ya taɓa, ko ya shiga kaluluwar da ke kusa da shi, da kuma ko ya yi nisa zuwa wata gaɓa. Ta tsakiyar ita ce ta fi wahala. Kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, tsakanin huhu biyu, ita ke yanke hukunci sau da yawa, kuma a ƙasashenmu kumburinta a hoton sikana ba ya nufin sankara ce, domin tsohon tibi ma yana barin ta a kumbure. Wanda ya ga kumburi ya ce aikin gama ya gama, zai iya hana mutum tiyatar da za ta warkar da shi, wanda kuma ya yi biris da ita zai iya cire huhu a banza. Shi ya sa ƙwararre ke nacewa a ɗebo samfurin kaluluwar tukuna, ko ta ƙaramin yanka a gindin wuya, ko da allura ta cikin hanyar iska.

Bayan haka sai tambayar da dangi ba sa yi, wato ko abin da zai rage na huhun zai ishi mutumin rayuwa. Huhun dama ɓangare uku ne, na hagu biyu, kuma idan za a yi lissafi ana ƙirga ƙananan yankuna 19 gaba ɗaya. Ana ba majinyaci bututu ya hura da iyakar ƙarfinsa, a auna iskar da ya fitar a daƙiƙa ta farko. A ce kawunka ya hura kashi 70 cikin ɗari na abin da ake tsammani ga mai shekarunsa da tsawonsa, kuma za a cire ɓangaren sama na dama mai yanki uku, to saura 16 cikin 19, lissafin ya ba da kusan kashi 59. Wanda ya haura 60 ana ganin haɗarinsa kaɗan ne, wanda ya gaza 30 haɗarinsa babba ne, na tsakani kuwa sai an ƙara gwada shi. Gwajin da na fi so ba ya cin ko sisi: in sa masa na'urar auna oksijin a yatsa, mu hau matakalar bene tare. Wanda ya hau tsayin mita 22 bai tsaya ba, yawanci zai jure aikin. Na taɓa hawa da wani dattijo mai sayar da shanu wanda takardar gwajinsa ta tsorata mu, muka kai hawa na huɗu ni ina haki shi yana ba ni labarin farashin bijimai. Wani kuma takardarsa ta yi kyau, amma a hawa na biyu ya dafe bango, leɓɓansa suka sauya launi. Irin wannan ido ake shekaru ana koyo, kuma ba mutum ɗaya ke yanke shawarar ba, zama ake yi na mako-mako tsakanin mai tiyata da likitan huhu da mai kemo da mai gashi da mai karanta hoto da mai duba tsoka.

Saɓanina da Baba shi ne wannan. Ko an kawo mana ƙwararru goma gobe da kayan aikinsu, mafi yawan waɗanda nake gani sun riga sun wuce tiyata ranar da suka shigo ofishina, kuma da yawansu da katin tibi a hannu, kamar kawunka. Ba na zargin ma'aikacin da ya ba su maganin, domin a wurin da tarin fuka ya yi yawa, tari da rama da jini tibi ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Kuskuren yana wajen rashin waiwaye. Mutum ya haura arba'in, mashayin taba, gwajin kaki na GeneXpert bai nuna komai ba, ya sha magani wata biyu nauyinsa bai ƙaru ba, wannan bai kamata ya kai wata shida ba a sake duba shi ba. Akwai kuma matan da ba su taɓa riƙe sigari ba, amma sun yi shekara arba'in a madafa mai hayaƙin itace da gawayi, waɗanda babu wanda ke kawo sankara a ransa idan ya gan su. Saboda haka idan ka samu dama kafin ka tafi ƙwarewa, ka yi 'yan watanni a sashen huhu, irin na asibitin Jamot a Yawunde, ka koyi zura na'urar leƙa hanyar iska da hannunka.

Mai Neman Ƙwarewa, Faransa (asalin Gaundare)

Ina gaida manyana biyu da suka rigaye ni. Ɗan'uwa, ni na girme ka da 'yan shekaru ne kawai, ina tsakiyar hanyar da kake tambaya, don haka zan taɓa ɓangaren bincike da kuma yadda ake shigowa nan.

Likitan da ya fito daga ƙasashenmu yakan zo Faransa ne ta ɗaya daga takardu biyu, DFMS ga wanda ke cikin karatun ƙwarewa a ƙasarsa, DFMSA ga wanda ya riga ya gama, ita ta biyun ba ta wuce shekara ɗaya. Ka sani cewa ba su ba ka izinin buɗe aiki a Faransa, an tsara su ne domin ka koya ka koma. Kowa yana burin manyan cibiyoyi irin Marie Lannelongue da ke kusa da Faris, amma gaskiyar da na gano ita ce a sashen da masu koyo suka yi yawa, baƙo yakan daɗe yana riƙe kyamara kafin a miƙa masa almakashi. Ka tambayi waɗanda suka gabace ka aiki nawa suka yi da hannunsu, kada sunan wurin ya ruɗe ka.

Game da bincike, wannan fanni tun asalinsa ba a raba shi da wuƙa ba. A watan Afrilu na 1933, Evarts Graham ya cire huhu ɗaya sukutum saboda sankara a birnin Sent Luwis na Amurka, kuma majinyacin, wanda shi ma likita ne, ya warke. Shekara 17 bayan haka, a 1950, Graham ɗin nan tare da wani ɗalibin likita mai suna Ernst Wynder suka wallafa bincike a kan mutum 684 masu sankarar huhu, wanda ya nuna alaƙarta da shan taba, a shekarar da masu bincike Doll da Hill suka fito da irin wannan sakamako a Ingila. Graham kansa mashayin taba ne, ya daina, amma sankarar huhu ce ta yi ajalinsa a 1957, majinyacin nasa na 1933 kuwa ya rayu bayansa. Na kawo maka wannan ne saboda Wynder bai fi matsayinka ba lokacin da ya fara yawo da takardar tambayoyi gado-gado.

Tambayar da ta fi daɗewa tana motsa masu bincike a fanninmu ita ce nawa za a cire. An fara da huhu guda, aka dawo ɓangare ɗaya. A 1995 wani gwaji na Arewacin Amurka, wanda Ginsberg da Rubinstein suka wallafa, ya nuna cewa idan an cire ƙasa da ɓangare, cutar tana dawowa a wurin kusan ninki uku, sai cire ɓangare ya zama doka na kusan shekara talatin. Da sikana ta fara gano ƙananan ƙari, sai aka sake buɗe maganar. Gwajin Japan da aka wallafa a 2022, mai mutum sama da 1,100 da ƙarinsu bai wuce santimita 2 ba, ya nuna cewa waɗanda aka cire wa yanki kawai sun ɗan fi rayuwa bayan shekara biyar, kashi 94 cikin ɗari, a kan 91 na waɗanda aka cire wa ɓangare. Wani gwaji da Nasser Altorki ya jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya nuna ƙaramin cirewa bai gaza babba ba a irin waɗannan majinyata. Ka lura da tsawon lokacin: ana ɗaukar majinyata shekaru, a bi su wasu shekaru, mai binciken yakan fara da baƙin gashi ya gama da furfura. Haka hanyar shiga ƙirjin ta sauya, daga dogon yanka da ake buɗa haƙarƙari, zuwa kyamara ta ƙananan huji a farkon shekarun 1990, zuwa huji ɗaya tak wanda Diego Gonzalez Rivas na Sifen ya yaɗa, zuwa na'urar da Vinci da likita ke sarrafawa yana zaune. Yanzu kuma mai tiyata dole ya san magunguna, domin an nuna a 2022 cewa haɗa kemo da maganin da ke zaburar da garkuwar jiki kafin aiki ya sa a kashi 24 cikin ɗari na majinyata ba a sami ƙwayar sankara mai rai ba a abin da aka cire, alhali da kemo kaɗai kusan kashi 2 ne.

Duk wannan yana da daɗin karantawa, amma ni kaina idan na riƙe na'urar ɗinke jijiya da ake amfani da kanta sau ɗaya a jefar, nakan tuna cewa kuɗinta ya fi abin da dangin majinyaci a Gaundare za su iya tarawa bayan sun sayar da sa. Shi ya sa nake roƙon malamaina su bar ni in ɗaure jijiya da zare, su kuwa suna yi mini kallon mai son tsohon yayi.

Idan kana son hawa matakan jami'a bayan ka dawo, hanyar ta CAMES ce, wato majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mai hedikwata a Wagadugu, daga mataimakin malami har jarrabawar agiregasiyon ta zama babban malami, da ake yi duk shekara biyu, kuma ana ƙirga abin da ka wallafa. Wannan ƙirga ita ke sa wasu cika takardunsu da rahoton majinyaci ɗaya mai cuta ta ban mamaki. Ba laifi ba ne, amma ba shi ne abin da muke bukata ba. Babban gwajin Amurka na 2011, mai mutum sama da 53,000, ya nuna cewa duba mashaya taba da sikana mai ƙarancin haske yana rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin ɗari, sai dai an yi shi a inda tarin fuka ya yi ƙaranci. A wurinmu, inda huhu da yawa ke ɗauke da tabon tsohon tibi, wa zai ce ga abin da irin wannan dubawa za ta haifar? Ba ɗan Boston ne zai amsa mana wannan ba.

Ma'aikacin Jinya, Kusiri

Likita, Allah Ya jiƙan kawu. Ni ba likita ba ne, amma na yi shekaru a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa aikin ƙirji, kuma ina so in ƙara abu ɗaya da ba a ambata ba. Aikin ba ya ƙarewa da ɗinki na ƙarshe. Robar da ke fitowa daga ƙirji tana shiga kwalba mai ruwa, kuma dole kwalbar ta zauna ƙasa da majinyaci, bakin robar yana nutse. Na taɓa shigowa da asuba na tarar wata tsohuwa ta ɗauki kwalbar ɗanta ta ɗora a kan teburin gefen gado saboda tana shara, ruwan yana shirin komawa ciki. Ba ta yi da mugunta ba, babu wanda ya yi mata bayani da harshen da take ji. Likitocin da na ga majinyatansu suna saurin tashi su ne masu zuwa da kansu da yamma, su tsuguna su kalli kumfar da ke fita a kwalbar idan mutum ya yi tari, su tabbatar an ba shi maganin zafi isasshe domin ya iya tarin, su kuma tashe shi tafiya tun washegari. Idan ka je koyo, ka koyi wannan ma, ka dawo ka koya mana.

Ɗalibin Likita, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya kuma jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Na karanta amsoshin sau uku. Shekarun ba su karya mini gwiwa ba, amma maganar Yaya ta Njamena ta tsaya mini a rai, domin na gane kawuna bai rasa mai tiyata ba, ya rasa wanda zai waiwaye shi a wata na biyu. Shekara mai zuwa zan rubuta kundin kammala karatu, kuma ina tunanin in ɗauki waɗanda aka ɗora a kan maganin tibi ba tare da an ga ƙwayar cutar ba, in bi sawunsu in ga abin da ya same su. Baba, shin wannan zai yiwu ga ɗalibi mai wata tara kacal, ba shi da kuɗin bincike?

Tsohon Likitan Tiyata, Marwa

Zai yiwu, ɗana, idan ka taƙaita shi. Na kuma karɓi gyaran 'yar'uwarka ta Njamena, gaskiya ta faɗa.

Kada ka ce za ka gano sankara, domin ba ka da sikana ko mai duba tsoka a aljihunka. Ka tsaya a kan abin da rajista za ta iya ba ka. Kowace cibiyar tibi tana da babban littafi da ake rubuta sunan majinyaci, da shekarunsa, da sakamakon kaki, da nauyinsa, da yadda maganin ya ƙare. Ka zaɓi cibiya biyu ko uku, ka ɗauki shekara biyu da suka wuce, ka ware waɗanda suka haura arba'in kuma gwajinsu bai nuna ƙwayar cuta ba, ka kwatanta su da waɗanda gwajinsu ya nuna: nawa suka rasu, nawa suka ɓace, nawa nauyinsu bai motsa ba a wata na biyu, nawa aka tura gaba kuma bayan kwana nawa. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'a da na shugabannin lafiya na yanki tun kafin a fara hutu, domin takardar takan daɗe a kan tebur, kuma kada sunan kowa ya fita daga littafin zuwa kwamfutarka, lamba za ka ba kowane mutum.

Lambobin waya da ke rajista rabinsu ba za su shiga ba, wasu kuma na maƙwabci ne ko na mai shago. Idan ka samu dangin wanda ya rasu, ka fara da ta'aziyya, ka bar takardar tambayoyi a jaka sai sun ba ka ruwa, kuma ka tafi da mai jin Fulatanci sosai idan naka bai nuna ba. Shan taba ba a cika rubuta shi a littafin ba, sai ka tambaya, kuma matar mamaci ta fi 'ya'yansa sanin kara nawa yake sha a rana. Ka bar damina ta wuce kafin ka shiga ƙauyukan da ke bayan mayo, wato kogi. Idan ka tsara takardar tambayoyin, ka sa ta a nan mu duba kafin ka kai wa malaminka.